Golan Da Ya Ƙi Haura Katanga

Mwanza, 6 ga Maris.

Zuwa ga Kawu Selemani Namkoveka, mai gadin ƙofar filin ƙungiyar Mivinje, Lindi.

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan tarin nan naka ya yi sauƙi. A gaishe min da Inna Somoe, a ce mata garin rogon da ta ɗauro min ya ƙare tun sati na biyu. Abokan ɗakina ne suka taya ni cinye shi, suna ci suna kushewa. Ni lafiyata ƙalau. Ƙungiyar Sangara ta ba ni riga mai lamba ɗaya, kuma da ni a raga aka buɗe gasar babban rukuni.

Bayan haka, Kawu, akwai magana. Wasanmu na farko a waje a Tabora muka yi shi. Motarmu ta iso, ga ƙofar fili a buɗe, sai direba ya wuce ta ya zagaya baya wajen juji. Mabula, shugaban abin nan da suke kira kwamitin dabaru, wato masu yi wa ƙungiya zirga-zirga gidan boka, ya miƙe ya ce kowa ya sauka. Wai masu gida sun yi aiki a ƙofa, don haka ta katanga za mu shiga. Na san ana yi, ba yau na fara gani ba. Amma kallon baƙi suna haura katangarka daban, a ce da kai tattare wando ka hau kuma daban.

Bundala ne ya fara dira, ɗan wasanmu na gaba, wanda ƙwallayensa goma sha huɗu suka hawo da mu wannan rukuni bara. Ina tsaye daga waje na ji ƙarar idon sawunsa. Yanzu haka yana kwance da ɗauri har gwiwa, ga matarsa da tsohon ciki. Ka san abin da Mabula ya ce? Wai, “Kun gani ko? Aikin nasu har katanga ya kai. Da ta ƙofa muka bi, da gawa za mu ɗauka.”

Ni dai na saɓa jakata na zagayo na shiga ta ƙofa kamar ɗan halak. Mai gadin wurin ya bi ni da ido har na wuce. Aka tashi babu ci, kuma ni na hana a ci mu. A hanyar dawowa ko sannu ba wanda ya ce min.

Kawu, tun ina ƙarami, lokacin da Mama ke kawo ni hutu wurinku, nake ganin kana yayyafa ruwa a bakin ƙofar fili duk ranar wasa, da garwar kananzir ɗin nan taka mai huji. Duk ƙasar nan an san ruwan Selemani. Har a nan ana ba da labarinsa a gabana, ba su san ni jininka ba ne. Ka faɗa min tsakaninka da Allah, me ke cikin garwar nan? Ko ma me ka ce, ni ba zan hau katangar kowa ba. Ƙafa biyu gare ni, kuma da su nake ci.

Ɗanka,
Hamduni Mnali.

*

Lindi, 29 ga Maris.

Hamduni,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta yi sati uku a hanya, ruwa ya cinye hanyar mota kamar kowace shekara, sai jirgin ruwa ne ya kawo ta. Muna lafiya. Tari yana nan, ya zama ɗan gida. Somoe ta ce masu kushe garinta su zo ta tuƙa musu da hannunta, da miyar kwakwa, sa'an nan su buɗe baki.

To, sarkin taurin kai. Ina gama karantawa na ce wa Somoe, Mwanaidi ce ta dawo duniya da wando. Ni da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, gida ɗaya muka tashi, kuma ban taɓa ganin an ce mata bi nan ta bi ba. Allah ya ji ƙanta.

Ka tambaye ni tsakanina da Allah, to ga amsa: ruwan famfo ne. Famfon bayan ɗakin alƙalan wasa. Shekara talatin da ɗaya ke nan wani likita ya ce ƙurar manyan motocin kashu da ke bi ta bakin ƙofa ce ke tayar min da tari, in riƙa jiƙa wurin. Sati biyu da fara yin haka wata ƙungiya ta zo daga Tanga. Suka ga ƙasa a jiƙe, suka ja da baya, suka je suka haura, aka zura musu huɗu. Tun daga ranar ƙafar baƙo ba ta sake taka ƙofata ba.

Ni kuwa ban ƙaryata ba, don me zan ƙaryata? Baƙi su canja kaya cikin mota a wannan zafi namu, su hau katanga, su shigo gwiwa a sanyaye. Yaranmu su taka danshi su ji ba mai iya musu. Ciyaman da kansa ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. Wannan magana daga ni sai Somoe sai kai, ka ƙona takardar idan ka karanta.

Yanzu ka saurare ni. Ka hau katangar nan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gola shi ne jakin ƙungiya, kansa ake ɗora kowane laifi. Ranar da aka ci ka ba za su ce hannunka ya kuskure ba, cewa za su yi ƙofa ce. Ka nemi inda ta fi gajarta, ka jefa jaka tukuna, ka dira da ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mun sha wuya kafin ka samu rigar nan, kada ka zubar da ita a kan abin da bai kai minti ɗaya ba.

Kawunka,
Selemani.

*

Mwanza, 12 ga Mayu.

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Ina fata kana shan maganinka. Ni lafiya lau, sai dai zama ya fara sa min ƙiba, za ka ji dalili.

Na karanta takardarka, na ƙona ta kamar yadda ka ce. Na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma raina ya ɓaci. Ruwan famfo, Kawu. Kuma kai da ka fi kowa sanin ba komai a ƙofar, kai ne ka zauna kana koya min yadda ake dira. Bundala ma ya iya dira. Jiya na je duba shi, matarsa ta haihu mace, shi kuma likita ya ce ko ya warke da ɗingishi zai tashi. Shekararsa ashirin da huɗu. Ban iya zama ba, na ajiye musu kifi da sabulu na fito.

Abin da ka hango ya zo, ba sai na hau rimi ba. Wasa tara na tsaya, ƙwallo huɗu kacal suka wuce ni, ba wanda ya ce albarkar ƙofa ce. A na goma muka je Mbeya. Mabula ya hana a ci abincin masauki, wai an yi barbaɗe, ya sayo wake da shinkafa a bakin tasha. 'Yan bayana biyu da gudawa suka shiga fili, ɗaya sau biyu yana fita da gudu ana tsakiyar wasa. Aka ci mu uku. Da muka dawo, magoya baya na jira a tasha, kuma sunana kaɗai suka sani. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta nuna ni da yatsa ta ce, “Kai ne mai kwaso mana tsiya a tafin ƙafa. Uwarka ba ta koya maka bin manya ba?” Na ce, “Mama, ta koya min shiga gidan mutane ta ƙofa.”

Yanzu ina benci. Shija ne a raga, yaro mai biyayya, yana hawa katanga kamar ƙadangare, ƙwallo ce dai ba ya gani. Koci Rweyemamu ya ja ni gefe ya ce, “Hamduni, kai ne golana, kowa ya sani. Amma kwamiti ne ke riƙe da ƙungiyar nan. Haura sau ɗaya, a gaban mutane, gobe in mayar maka da rigarka.” Na ce masa ko rabin sau.

Kada ka sake rubuto min cewa minti ɗaya ne. In na hau yau, na yarda ke nan da bakin Mabula cewa aiki ne ya karya Bundala, ba shi da ya tura shi ba. Ko benci ma da nake zaune a kai, ta ƙofa nake shiga in zauna, suna kallona ta saman katanga.

Ɗanka,
Hamduni.

*

Lindi, 2 ga Yuni.

Hamduni,

Muna lafiya, muna gaishe ka. Somoe ta ce ka rage tuwo in ba gudu kake yi ba. Ka yi haƙuri da ambulan, na ƙungiya ne, tsofaffi da aka zubar a ofis na tsinto. Takarda takarda ce.

Ka faɗa min magana, kuma ta shige ni. Tun da na karanta labarin yaron nan Bundala nake ƙirga. Mutum uku suka karye a katangata cikin shekarun nan, ɗaya ɗan Songea ne, har yau ina jin ihunsa. A lokacin dariya muka yi, har aka saya min shayi da soyayyen rogo. Ban taɓa ɗora abin a kaina ba sai da ka rubuto. Ban ce na janye shawarata ba, don har gobe ina tsoron a raba ka da abincinka. Amma na daina ce maka yaro.

Mu ma nan ba daɗi, wasa huɗu a jere ba mu ci ba. Na duba jadawalin gasa, ashe wasanku na ƙarshe a nan ne, ranar sha biyar ga Oktoba. To ka zo. Zan yayyafa maka ruwa na musamman a ƙofa, garwa biyu cur, ka taka mu ga abin da zai faru. Somoe kuma za ta dafa maka shinkafa da kwakwa.

Kawunka,
Selemani.

*

Lindi, 10 ga Agusta.

Hamduni,

Sallama da gaisuwa. Wata biyu da sati ɗaya ke nan ban ji daga gare ka ba. Hanya ta bushe, motoci na zuwa kullum, kada ka ce min ruwa ne. Duk Asabar ina manne da rediyo, Shija, Shija, Shija, kuma duk lokacin da aka kira sunan, daga raga yake ɗebo ƙwallo.

In ciwo ne ka sa a rubuto. In kuwa fushi ne, don na faɗa maka gaskiyar garwa ka ga kawun naka maƙaryaci ne da bai cancanci amsa ba, to ka faɗa min a fili. Na tsufa da a yi min shiru. Ni na sa mahaifiyarka a kabari da hannuna, ba za ka yar da ni a kan ruwan famfo ba. Somoe ta daina tambayata, sai dai ta dubi hannuna in na dawo daga gidan waya.

Selemani.

*

Mwanza, 1 ga Satumba.

Kawu,

Allah ya huci zuciyarka. Lafiyata ƙalau, kuma wallahi ba fushi nake ba. A ba Inna haƙuri. Wasiƙarka ta Agusta Koci ne ya zare ta daga akwatin ƙungiya ya miƙo min a ɓoye. Ta watan Yuni kuwa ban taɓa riƙe ta a hannuna ba, karanta min ita aka yi.

Kawu, ambulan mai tambarin Mivinje ka aiko wa golan Sangara, a akwatin Sangara. Mabula ya buɗe. Aka tara 'yan wasa da kwamiti da manyan magoya baya a ƙarƙashin rumfar fili, aka tsayar da ni a tsakiya. Ya bi ta kan maganar mutum uku da suka karye da sauri, ya je kan layin garwa biyu, ya karanta shi sau uku yana jan murya. Ya ce, “Jama'a, kun san wane ne Selemani na Lindi? To kawunsa ne. Shi ya sa yake ratsa ƙofofi ba abin da ke samunsa, an dafa shi tun yana goyo. Shi ya wuce lafiya, mu ya bar mu da tsiyar. Ga shi kuma sun shirya mana ranar ƙarshe.”

Na ce wasa ne irin na kawu da ɗa. Suka ce to me ke cikin ruwan? A nan na yi shiru, domin sirrinka ne ba nawa ba. Shirun kuwa ya zame musu shaida. Aka hana ni atisaye da ƙungiya, aka kafa min ido ko gidan waya na nufa. Ni ma da ban sake ganin wata wasiƙa bayan ta Yuni ba, na yi ta zaton ko ka yi shiru ne don na faɗa maka magana. Kullum da safe ina zuwa bakin tafki, Bundala ya zauna a kan kwale-kwalen da aka kife yana jefo min ƙwallo da hannu, ina faɗuwa cikin yashi. Masunta suna mana dariya, ko a jikina.

Ga inda ake. An ci Shija ƙwallo ashirin da ɗaya. Ku ma kun zo nan kun haura tamu katangar kun ci mu biyu da ɗaya, ina zaune ina kallo. Yanzu mu da ku ne a gindin teburi, mun fi ku da maki ɗaya, kuma ɗaya daga cikinmu ne zai faɗa rukuni na biyu. Yadda ake tafiya, a ƙofarka za a raba gardama.

Koci ya ce zai tafi da ni Lindi ko kwamiti ya so ko ya ƙi. Mabula ya ce sai dai in zan haura a gaban kawun nawa, a ga na bar shi. Ka ji fa. In zo garin uwata, in ga ƙofar da kake tsaye, in zagaya baya kamar ɓarawon kaji. Ban roƙe ka komai ba, Kawu. Ka yi aikinka, ka yayyafa ruwanka, ƙungiyarka ce. Ni dai ta nan zan shigo.

Ka riƙa rubuto min ta hannun Mama Nyanjige mai soya kifi a bakin kasuwa, kuma don Allah a farin ambulan.

Ɗanka,
Hamduni.

*

Lindi, 24 ga Satumba.

Hamduni,

Alhamdu lillahi da kana lafiya. Somoe ta yi kuka, sa'an nan ta zage ni tas a kan ambulan, kuma ta yi daidai. Tsufa ne da rowa. Ka yafe min.

Labari ya riga wasiƙarka isowa, direbobi sun kawo shi. Yanzu duk Lindi an san golan Sangara ɗan ƙanwata ne. Ciyaman ya kira ni ofis gaban kwamitinmu, ya ajiye wata baƙar kwalba a tebur, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Ya ce, “Baba Selemani, ba mu ce ba mu yarda da kai ba, amma jini ya fi ruwa kauri. Ranar wasa wannan za ka zuba a garwa, a gabanmu.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce musu shekara talatin da ɗaya ruwan famfo nake zubawa. Suka yi dariya. Na je na ɗauko garwa, na tara a famfo suna gani, na kafa kai na sha. Sakatare ya dafa Ciyaman ya ce, “Ka gani ko? Har sha yake yi. Tsohon nan ya wuce inda muke zato.” Na rantse, suka ce ai mai abu ba ya faɗa. Ƙaryar da na reno ta girma ta fi ƙarfina, Hamduni, ko ni mai ita ban isa in kashe ta da baki ba.

Kwalba tana nan inda ya ajiye ta, ban taɓa ba. Ina son Mivinje, ka sani, tun filin nan yana da shingen kara nake tsaye a bakinsa. Amma ba zan zuba wa ɗan Mwanaidi abin da ban san ko mene ne ba a ƙarƙashin ƙafa. Ka zo kawai. Kuma in ka tsaya a raga ka tsaya da gaske, in ka saki ƙwallo ɗaya don tausayina ban yafe ba.

Kawunka,
Selemani.

*

Mwanza, 24 ga Oktoba.

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Mun iso lafiya bayan kwana huɗu, gilashin mota biyu ne kawai ba su iso ba. Hankalina yana wurinka, don na ga yadda aka kewaye ka bayan an tashi, 'yan sanda kuma ba su bar ni na iso gare ka ba. Ka rubuto da sauri.

Bari in ba ka abin da ba ka gani ba. Da safe wajen taron alƙalan wasa Koci ya miƙa takardar sunaye da sunana a sama, bai nuna wa kwamiti ba. Da Mabula ya ji ya yi ta kumfar baki, Koci ya ce takarda ta shiga hannun hukuma. Ya juyo gare ni ya ce, “Ni ban san ta inda za ka shiga ba. In ina hawa katanga ƙafata nake kallo, ba mutane ba.”

Mabula ya aika a leƙo ƙofarka. Ɗan aiken ya dawo ya ce ƙasa a bushe take ƙayau, ba ko ɗigo. Na ce a raina yau dai za su shiga kamar mutane. Ina. Mabula ya ce, “Wanda ake gani ma ya aka ƙare da shi, balle wanda ba a gani? Ku zagaya wajen mangwaro.” Suka zagaya, har Koci da furfurarsa.

Sauran ka gani. Na zo ni kaɗai da jakata, ka buɗe min duka ganye biyu na ƙofar, wadda ko Ciyaman ɗaya ake buɗe masa. Na durƙusa na gaishe ka, mutane suna ihu ta kowane gefe, ka ce, “Tashi, ƙura za ta ɓata maka gwiwa.” Kawu, ban taɓa jin daɗi a duniya kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamarsa ba.

Na bi umarninka. Ƙwallon da kyaftin ɗinku ya buga da kai saura minti biyar, da yatsa biyu na ture ta, har yanzu a kumbure suke. Da alƙali ya busa babu ci, na san mun tsira kun faɗi, na rasa murna zan yi ko me. Da duwatsu suka fara sauka kuwa, ka ga ta inda Sangara ta fita? Ta ƙofarka, a guje, Mabula a gaba. Ba wanda ya tuna da aiki.

Shekaranjiya aka yi taro. An yanke cewa hawan katanga ne ya cece mu, ni kuma kawuna ne ya ɗaure min raga. Duk da haka za su riƙe ni baɗi, in har na tsaya gaban magoya baya na rantse zan riƙa haurawa, na kuma haura tamu katangar a ranar don a shaida. Na ce, “Mabula, Bundala na zaune can da sanda, je ka ce masa ya zo ya riƙe min jaka.” Na ninke riga mai lamba ɗaya na ajiye a tebur, na ɗauki safar hannuna, tunda da kuɗina na saya. Koci ya raka ni har bakin titi.

Ba ni da ƙungiya yanzu, kuma labarina ya riga ni zuwa ko'ina. Zafi nake ji, ba zan ɓoye maka ba, shekara goma ina neman rigar nan. Amma in aka maimaita, haka zan sake yi.

Ɗanka,
Hamduni.

*

Lindi, 12 ga Nuwamba.

Hamduni, ɗan Mwanaidi,

Muna lafiya. Ba abin da ya same ni sai hula da ta ɓace da tsinuwa da na sha, ita kuwa ba ta fasa ƙashi. Ka sa yatsun nan a ruwan ɗumi da gishiri.

Ga nawa rabin labarin. Da asuba na bar garwa a gida. Ciyaman ya zo da kwalbarsa ya ce in zuba, na ce ya zuba da hannunsa, ga ƙofa nan. Ya tsaya yana juya ta, ya kasa. Tsoronta yake ji fiye da kowa.

Sai ga motar yaranmu. Suka sauko suka ga ƙasa a bushe, karo na farko tun kafin a haife su. Kyaftin ya dube ni ya ce, “Baba, ka sayar da mu.” Na ce, “Ɗana, shiga ka yi wasanka, ƙasa ce.” Suka ƙi. A filinsu, a garinsu, suka juya za su haura. Wajen mangwaro inda ke da sauƙi mutanenku na kai, su kuma ba za su taka inda abokan gaba suka taka ba, sai suka nufi yamma. Ba su san katangarsu ba, ba su taɓa hawanta ba. Can ne na dasa fasassun kwalabe saboda masu shiga ba tikiti. Na bi su ina kira, ba wanda ya waiwayo. Ɗan wasanmu na gaba ya yanke a tafin ƙafa, da jini a takalmi ka gan shi yana bin ƙwallo. Mutum ashirin da biyu suka buga wasan nan, ɗaya ne ya shigo ta ƙofa.

Da ka ture ƙwallon nan na ce kai, madalla, a fili, a tsakiyar mutanen Mivinje. Da aka tashi kuma na zauna a kan kujerata na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Duka biyun gaskiya ne, kada ka tambaye ni yadda aka yi.

Washegari suka karɓi makulli. Sun ce in na roƙi gafara na koma yayyafi za a duba. Na ce tarina nake wa yayyafi, kuma tarin nawa ne, zan tafi da shi gida. Suka ce to in bar garwar, kayan ƙungiya ce. Na ce su nuna min inda aka rubuta. Tana nan a tsakar gida, Somoe na ba tumatir ruwa da ita.

Na aika wa ɗan Songean nan takarda, ta hannun wani direba da ya san shi. Ban san ko zai amsa ba. Ka ba ni adireshin Bundala shi ma.

Ka tattaro ka taho gida. Kashu ya nuna, ina bukatar mai dogon hannu, kuma shinkafar da aka yi maka alkawari ba ka ci ba. Ƙungiya za ta samu ko ba za ta samu ba, gola dai ba ya ruɓewa a wata uku. Jirgi na isowa ran Alhamis. Gidana ba shi da katanga, ka sani, ƙofa ce kawai da shingen rogo. Zan jiƙa bakinta tun da safe, garwa biyu kamar yadda na ce, duk mai wucewa ya kira shi abin da ya ga dama. Kai dai ka tako ka shigo.

Kawunka,
Selemani Namkoveka.